Wa ke biya wa magidanci kuɗin jami'a a Birtaniya?

A Birtaniya, duk wanda ya fara digirin farko yana da shekara 21 ko fiye, ana sa shi a sahun manyan ɗalibai. Da yawansu ba sa ajiye aiki don su yi karatu. Wani direban bas ne, wata ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi, wata kuma uwa ce da ta bar makaranta tun tana budurwa. Su yi aikinsu da rana, su buɗe littafi da dare ko a ƙarshen mako. Digirin da ɗan shekara 18 ke gamawa cikin shekara uku, su sai ya ci musu shida. Wannan shi ne karatun wucin gadi, kuma abin da ya fi damun mai niyyarsa shi ne inda kuɗin za su fito, tunda ga haya, ga cefane, ga 'ya'ya.

Amsar ta danganta da inda mutum yake zaune. Harkar ilimi a Birtaniya tana hannun gwamnatocin yankuna, saboda haka Ingila da Wales da Sikotlan da Ayalan ta Arewa kowacce da nata tsarin. Za mu fi daɗewa a Ingila, domin can ne akasarin jama'a suke, can ne kuma aka yi gwajin da ya fi kowane jan hankali.

Karatun manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Kwalejin Birkbeck da ke Landan ta samo asali tun 1823, an kafa ta ne don masu aikin hannu su riƙa ɗaukar darasi bayan tashi daga aiki, kuma har yau an san ta da karatun yamma. A 1969 aka kafa Open University, jami'ar karatu daga gida, wadda Firaminista Harold Wilson ya kawo shawararta, ministarsa Jennie Lee ta tsaya kai da fata sai da ta tabbata. Ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, ana aika musu littattafai ta gidan waya, suna kallon darasi a talbijin ɗin BBC. Yawancin digirorinta na farko ba a neman wata takardar sakandare kafin a shiga. Mai karatu a Najeriya zai tuna da tamu jami'ar karatu daga gida, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Manufar ɗaya ce: wanda karatu ya wuce shi yana yaro ya samu ƙofa ta biyu.

Kafin 2012, kuɗin irin wannan karatu a Ingila yana da sauƙi, domin gwamnati na ba jami'o'i tallafi kai tsaye a kan kowane ɗalibi. Mutum kan biya daga aljihunsa, ko wurin aikinsa ya biya masa, masu ƙaramin ƙarfi kuma a ba su ɗan tallafin da ba a mayarwa. Sai gwamnatin David Cameron ta janye yawancin tallafin da take ba jami'o'i, ta ba su dama su kai kuɗin cikakken ɗalibi fam 9,000 a shekara, na ɗalibin wucin gadi kuma fam 6,750. A madadin haka, karo na farko, aka buɗe wa 'yan wucin gadi ƙofar rancen kuɗin makaranta. An tallata abin a matsayin adalci: yanzu magidanci ma zai yi karatu ba tare da ya biya ko kwabo a nan take ba.

Abin da ya biyo baya ya ba masu tsarin kunya. Wani rahoto da gidauniyar Sutton Trust ta fitar a 2018, wanda Claire Callender da John Thompson suka rubuta, ya nuna cewa masu shiga karatun wucin gadi a Ingila sun ragu daga kusan 216,000 a 2010 zuwa kusan 106,000 a 2015. Rabi ke nan suka ɓace cikin shekara biyar, kuma raguwar ta fi muni a tsakanin waɗanda suka haura shekara 35, wato ainihin mutanen da aka gina tsarin dominsu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin makaranta ya tashi wa kowa, amma rancen bai isa ga kowa ba. Yawancin 'yan wucin gadi na lokacin ba su cika sharuɗɗansa ba. Wani gajeren kwas kawai yake so, ba digiri ba. Wani kuma yana da digiri tun da, yana so ya canza sana'a, alhali tun 2008 gwamnati ta daina tallafa wa mai neman takardar da ba ta fi wadda ke hannunsa ba. Ga kamfanoni da ma'aikatun gwamnati sun tsuke bakin aljihu bayan rikicin tattalin arzikin 2008, sun rage biya wa ma'aikatansu karatu. Sai kuma dalilin da ni a ganina ya fi duk sauran nauyi: lissafin babba daban yake da na yaro. Ɗan shekara 18 yana sa hannu a takardar rance ne bai taɓa biyan haya ba. Mai shekara 40 da ke biyan bashin gida ya san ɗacin bashi, kuma ya san shekarun da suka rage masa na aiki ba su da yawan da zai tabbatar digirin ya mayar masa da kuɗinsa. Da aka ce masa ya ƙara wani bashin a kan wanda ke wuyansa, sai ya haƙura da karatun.

To, yau me ke akwai ga wanda ke zaune a Ingila?

Abu na farko shi ne rancen kuɗin makaranta, wanda ake nema ta hukumar Student Finance England. A zangon karatu na 2025 zuwa 2026 iyakarsa fam 7,145 ne a shekara ga ɗalibin wucin gadi. Kuɗin ba sa shiga hannun ɗalibi, jami'ar ake tura wa kai tsaye. Ba a duba albashin mutum, ba a neman jingina ko mai tsaya masa, kuma a wannan tsarin babu iyakar shekaru: tsoho mai shekara 70 ma yana iya nema. Babban sharaɗin shi ne nauyin karatun. Ana auna karatun jami'a da maki da ake kira kiredit. Cikakken ɗalibi na ɗaukar 120 a shekara, digiri kuma 360 ne. Dole ɗan wucin gadi ya ɗauki aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin cikakken ɗalibi, wato kiredit 30 a shekara. Ana ƙiyasta kowane kiredit da awa goma na karatu, saboda haka mai ɗaukar 60 a shekara, wanda shi ne abin da yawanci ke yi, ya shirya wa awa ɗari shida. Ya kamata mutum ya zauna da iyalinsa su yi wannan lissafin kafin na kuɗi.

Abu na biyu shi ne rancen ɗawainiya, na haya da abinci da kuɗin mota. Sai a watan Agustan 2018 aka fara ba 'yan wucin gadi shi, shekara shida bayan an tsauwala musu kuɗin makaranta. Shi ana duba kuɗin da ke shigowa gidan mutum, da garin da yake zaune, da nauyin karatunsa, kuma dole ya kasance bai kai shekara 60 ba lokacin da ya fara. Wanda ya kai 25, ko yake da aure, ko yake da ɗa a hannunsa, ba a duba dukiyar iyayensa. Ta mijin ko matar ake kallo. Sai dai akwai wani shinge da ke kayar da mutane da yawa: mai karatu daga gida ba ya samun wannan rance, sai in wata nakasa ce ta hana shi zuwa aji. Ma'ana, ɗaliban Open University da ke Ingila, jami'ar da ta fi kowace yawan 'yan wucin gadi, kusan duk an bar su a waje. Hujjar ita ce mai karatu a gida ba ya kashe kuɗin zuwa makaranta. Amma wanda ya rage kwanakin aikinsa don ya samu lokacin karatu, albashinsa ya ragu, ko a aji yake zama ko a ɗakinsa.

Haka ma tallafin renon yara da na masu ɗaukar nauyin wani babba: a Ingila cikakkun ɗalibai kaɗai ake ba. Uwar da ta zaɓi karatun wucin gadi saboda 'ya'yanta, zaɓin nan shi ya hana ta kuɗin reno. Abin da ake ba kowa ba tare da bambanci ba shi ne tallafin ɗalibai masu nakasa, wanda ya haɗa da masu doguwar jinya da masu matsalar karatu irin ta haɗa baƙi. Wannan kyauta ce, ba a mayarwa, ba a kuma duba albashi.

Yadda ake biyan rancen shi ne wurin da mutane suka fi ruɗewa. Wanda ya fara karatu daga watan Agustan 2023 ba ya biyan komai sai kuɗin da yake samu a shekara sun haura fam 25,000. Daga nan za a riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya hau kan wannan adadi kawai, ba na dukkan albashin ba. A ce mutum na ɗaukar fam 30,000. Rarar ita ce 5,000, kashi 9 nata fam 450 ne a shekara, wato fam 37 da rabi a wata, ko bashinsa fam dubu goma ne ko dubu arba'in. Tun daga wurin aiki ake cirewa tare da haraji. In aikin ya tafi ko albashin ya sauka, cirewar ta tsaya da kanta, babu mai zuwa ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan shekara 40 ana yafe abin da ya rage. In mutum ya rasu, bashin ya faɗi, ba a bin magada, ba a taɓa gado. Waɗanda suka fara tsakanin 2012 da 2023 suna kan tsohon tsari: adadin da ake fara cirewa a kansa ya fi haka, ana yafewa bayan shekara 30, amma kuɗin ruwansu ya fi tsanani.

In aka duba da idon lissafi, wannan ya fi kama da ƙarin haraji na wasu shekaru, kuma abin mamaki, ya fi yi wa babba sauƙi a kan yaro. Wanda ya fara karatu yana da shekara 48 zai yi ritaya tun bashin bai yi nisa ba, fanshon gwamnati kuwa yana ƙasa da fam 25,000 nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin manyan ɗalibai ba za su taɓa biyan duka ba. Amma a kula da abu biyu. Ɗan wucin gadi yana shiga layin biya ne a watan Afrilun da ya zo bayan cikarsa shekara huɗu da fara karatu, ko da bai gama ba. Mai digirin shekara shida da albashinsa ya wuce ƙa'ida zai fara ganin cirewa yana tsaka da jarrabawa. Na biyu, barin ƙasar ba ya goge bashin. Wanda zai yi fiye da wata uku a waje, ko gida Najeriya ya koma, dole ya sanar da kamfanin da ke kula da rancen, a yanka masa abin da zai riƙa biya gwargwadon ƙasar da yake.

Duk wannan bayani na wanda ya cancanta ne, kuma a nan ne 'yan uwanmu da yawa ke yin tuntuɓe. Rancen ba na ɗalibin da ya zo daga waje da bizar karatu ba ne. Gaba ɗaya ana so mutum ya kasance ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, kuma ya shafe shekara uku yana zaune a Birtaniya kafin ranar fara karatun. Ma'aikaciyar jinya ko ta kula da tsofaffi da ta zo da bizar aiki tana biyan haraji kamar kowa, amma sai ta samu zaman dindindin tukuna ƙofar za ta buɗe mata. Haka wanda ke da fasfon Birtaniya amma a Kano ko Abuja ya tashi: fasfon kaɗai ba ya wadatarwa, ana duba shekara ukun nan. Masu takardar gudun hijira da waɗanda suka shafe rabin rayuwarsu a ƙasar suna da nasu ƙa'idojin daban.

Sai maganar da Musulmi ba zai iya tsallakewa ba, wato riba. Rancen yana da kuɗin ruwa. A sabon tsarin ana ɗora shi daidai da hauhawar farashi, a tsohon kuma yana iya haura hakan da kashi uku cikin ɗari. Malamai a can sun saɓa: wasu na ganin tunda biyan ya rataya a kan albashi kuma ana yafewa, ba rance ba ne irin wanda aka sani, wasu na cewa duk bashin da ya jawo ƙari riba ce, ko da wane suna aka kira shi. Gwamnati ta san da matsalar. Tun a 2013 David Cameron ya yi alkawari, a taron tattalin arzikin Musulunci na duniya da aka yi a Landan, cewa za a samar da wata hanya. Aka tsara ta bisa takaful, inda ɗalibai ke amfana daga asusu ɗaya su kuma zuba gudummawa bayan sun fara aiki, dokar manyan makarantu ta 2017 ta ba da ikon kafa ta, amma aka yi ta ɗage farawa shekara bayan shekara. Fiye da shekara goma ana jiran abu ɗaya ba ƙaramin sakaci ba ne, musamman da yake babban mutum ya fi yaro tsayawa a kan irin wannan tambaya. Ta wannan fuska dai rancen ɗalibai na Najeriya, wanda Shugaba Tinubu ya sa wa dokarsa hannu a watan Afrilun 2024, ya fi sauƙin karɓa, domin ba shi da ruwa.

Da mutum zai tsallaka iyaka zuwa Wales, zai tarar da wani labarin. Bayan wata bita kan tallafin ɗalibai da Ian Diamond ya jagoranta, wadda aka fitar a 2016, gwamnatin yankin ta yanke cewa kuɗin zaman rayuwa ne ke hana mutane karatu fiye da kuɗin makaranta. Daga 2018 ta fara ba 'yan wucin gadi tallafin ɗawainiya wanda ba a mayarwa, gwargwadon nauyin karatunsu da kuɗin gidansu, sannan a cike sauran da rance. Masu karatu daga gida suna ciki, masu 'ya'ya kuma na iya neman kuɗin reno. Ɗaliban Open University a Wales sun ƙaru sosai bayan haka. Sikotlan ta bi wata hanyar: wanda kuɗin da yake samu shi kaɗai bai wuce fam 25,000 a shekara ba, ana ba shi tallafin kuɗin makarantar wucin gadi kyauta, sai dai ɗawainiyarsa tana wuyansa. Ƙasa ɗaya, jami'a ɗaya, kwas ɗaya, amma mazaunin Cardiff a Wales da na Birmingham a Ingila ba abu ɗaya suke samu ba. Kuma inda mutum ya saba zama ake dubawa, ba inda makarantar take ba, don haka ƙaura saboda karatu kawai ba ta canza komai.

Wanda ba ya son rance ko bai cancanta ba, bai rasa mafita gaba ɗaya ba. Tun 2015 akwai digirin koyon sana'a a bakin aiki: mutum ma'aikaci ne mai albashi, ana ware masa wani ɓangare na lokacin aikinsa don karatu, ba ya biyan kuɗin makaranta ko sisi, kuma babu iyakar shekaru. Ana ɗaukar nauyinsa ne daga harajin da aka ɗora wa manyan ma'aikatu a 2017, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya in ya wuce fam miliyan uku a shekara. Asibitocin gwamnati da ƙananan hukumomi na amfani da shi sosai, kuma ga Musulmin da ke gudun riba wannan ita ce hanya mafi tsafta. Wahalarta ita ce guraben ba su da yawa, sai wurin aikin ya yarda. Jami'o'i ma suna da nasu ƙananan tallafi da asusun agajin gaggawa, waɗanda sau da yawa sai mutum ya tambaya ake gaya masa. Wanda kuma ba shi da takardun shiga jami'a, akwai difilomar share fage ta shekara ɗaya. In da rance ya yi ta, ana yafe masa shi ranar da ya kammala karatun jami'ar. Mai digiri da ke son na biyu ma an ɗan sassauta masa daga 2015, in dai a fannin injiniya ko fasaha ko kwamfuta ne, daga baya aka ƙara wasu fannonin kimiyya.

Ingila na shirin sake fasalin abin gaba ɗaya. Sabon tsarin, wanda aka ɗage shi daga 2025 zuwa kwasa-kwasan da za su fara a watan Janairun 2027, zai ba kowane mutum damar rancen da ya kai kuɗin karatun shekara huɗu, ya riƙa ciro shi kaɗan-kaɗan tsawon rayuwarsa, ko a kan digiri sukutum ko a kan gutsuren kwas mai kiredit 30. Wanda ya riga ya yi digirin shekara uku zai iya amfani da ragowarsa. Wannan gyara ne na gaske ga mai son canza sana'a. Amma har yanzu rance ne, da ruwansa, kuma an sa masa iyakar shekara 60, abin da babu shi a rancen kuɗin makaranta na yanzu. Shaidar da Ingila da Wales suka bayar tun 2012 ta nuna cewa magidanci ya fi amsa kiran tallafin ɗawainiya a kan kiran bashi, sabon tsarin kuwa bai taɓa wannan ba.

Ga mai niyya, kada ka biya jami'a ko ka sa hannu a takardarta sai ka tabbatar da matsayin zamanka a rubuce daga hukumar rancen yankinka, domin in aka ƙi ka bayan zango ya fara, kai jami'ar za ta bi. Ka tambaye su kiredit nawa kwas ɗin yake a shekara, kuma a aji ake lissafa shi ko daga gida. In kana karɓar wani tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, ka bincika yadda rancen ɗawainiya zai shafe shi, don ana iya ƙirga shi cikin kuɗin da kake samu. Sannan ka je wurin shugabanka a wurin aiki ka tambaye shi ko suna da gurbin digirin koyon sana'a kafin ka nemi rance.